Saiwa a Hanyar Gwanja: Tarihin Maganin Ƙazwa da Makero Tsakanin Faraku da Jugu

Ɗalibin da ke nazarin tarihin fataucin Hausawa yakan haddace kayan da ayari ke ɗauka: kanwa da rinannun tufafi da jar fata da gabu a tafiya, goro a dawowa. Akwai wani kaya kuma da fatake ke tafe da shi ba tare da sun biya masa fito ba, wato cutar fata. Ƙazwa da makero da kyasbi da kurkunu sun bi hanyar Gwanja kamar yadda jakuna suka bi ta, kuma cikin abubuwan da aka dogara da su wajen yaƙar su akwai saiwar itace. Wannan darasi zai bi tarihin wasu daga cikin saiwoyin nan ta garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, Parakou da Djougou, waɗanda za a riƙa rubutawa Faraku da Jugu yadda suka fi sauƙi a bakin Bahaushe, har zuwa lokacin da masana sinadarai suka fara tambayar abin da ke cikinsu.

Garuruwa biyu a kan hanya

A ƙarni na 19, ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zai ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko ta Faraku, ya sauka Jugu, sannan ya wuce ta ƙasar Kotokoli zuwa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Tsakanin Faraku da Jugu akwai kimanin kilomita 135. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da sha'anin kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Babban ayari yakan haura mutum dubu, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara.

A garuruwan biyu, unguwar 'yan kasuwa Musulmi daban take da mazaunin sarki. A Jugu, sarki na Kilir, baƙi da 'yan kasuwa na unguwar Wangara, kuma harshen Dandi ne harshen ciniki, Hausa na biye da shi. Denise Brégand ta rubuta tarihin waɗannan Wangarawa na Bargu a 1998. Wanda ke son ya ga zurfin dangantakar Jugu da ƙasar Hausa, sai ya dubi rayuwar Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu wajejen 1824, mahaifiyarsa kuwa asalin danginta Katsina. An kama shi bawa, aka kai shi Barazil a 1845, ya kuɓuta a birnin New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Har yau ana kiran babbar kasuwar Faraku da sunan Arzeke, kalmar da kunnen Bahaushe ba zai rasa jin arziki a cikinta ba.

Zango wuri ne da cutar fata ke so. Ƙazwa tana yaɗuwa ne ta haɗuwar jiki da jiki da haɗa shimfiɗa, ga shi kuwa fatake na kwana a cunkushe, mayafi ɗaya, tabarma ɗaya. Makero na bin aska da mataji da hula. Kurkunu kuma yana shiga ta ruwan tafki, ya yi kusan shekara a jiki kafin ya ɓullo, don haka falken da ya sha ruwan kududdufi a dajin Bargu sai ya koma gida, ya sayar da goronsa, sannan ƙafa ta kumbura, ba wanda zai danganta abin da ruwan bara. A bakin kogunan yankin, irin su Weme da Okpara, akwai ɗan baƙin ƙudan da cizonsa ke sa tsutsar da ke haddasa ƙaiƙayi mai tsanani, ta lalata fata, daga bisani ta makantar.

Me ya sa saiwa?

Kalmar tana da 'yan'uwa da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Saiwa, jam'inta saiwoyi, wasu kan ce sauya, wasu jijiya, ita ce ta ƙarƙashin ƙasa. Sassaƙe shi ne abin da aka sassaƙo daga jikin itace. Jiƙo shi ne wanda aka zuba wa ruwa aka bari ya tsumu. Masu sana'ar ma iri-iri ne: boka, da wanzami, da 'yar mai ganye, da magori mai yawo da buhun magani gari-gari, wanda saboda yawan yabon hajarsa aka yi masa kirari da wasa kanka da kanka.

Dalilin fifita saiwa a kan hanya a fili yake. Ayari da rani yake tafiya, lokacin da ganye ya kaɗe, an kuma cinna wa daji wuta. Abin da ya rage na itace mai amfani shi ne ɓawo da saiwa, kuma busasshiyar saiwa takan daɗe a cikin burgame ba ta lalace ba. Wani dalilin kuma masana tsirrai ne suka fito da shi daga baya. Saiwa tana zaune ne cikin ƙasa tare da gara da tsutsotsi da fumfuna, ba ta da ƙafar gudu, sai itacen ya tara mata sinadarai masu ɗaci ko dafi don su kare ta. Mai haƙa saiwa, ko ya sani ko bai sani ba, makamin da itace ya tanada don kansa yake ara.

Itatuwan da za a ambata a nan duk na dajin da ya shimfiɗu ne daga kudancin ƙasar Hausa har Bargu da Gwanja, saboda haka falke bai zama baƙo a cikinsu ba. Sunan ne ke sauyawa daga Hausa zuwa Dandi zuwa Barganci, itacen yana nan yadda ya san shi. Tunanin Bahaushe game da ƙuraje shi ne wani datti ne ko zafi na cikin jiki ke neman mafita, shi ya sa magani ɗaya akan ce a sha, a yi wanka, a kuma shafa. Abin haɗin shafawa kuwa man kaɗe ne, wanda ƙasar Bargu ke da shi a wadace, wani lokaci a haɗa da farar wuta ko a yi wanka da sabulun salo.

Babbar cikinsu ita ce sanya, wadda aka fi sani da uwar magunguna, masana tsirrai kuma na kiran ta Securidaca longipedunculata. Ƙaramin itace ne mai fure ruwan hoda-hoda zuwa shuɗi, amma duk martabarsa a ƙasa take. Wanda ya taɓa karya ɗanyar saiwarta ba zai manta ƙamshin ba, domin irin na man zafin nan ne da ake shafa wa ciwon gaɓɓai. Kamar kuwa ba ta banza ba ce: bincike kan saiwoyin da aka haƙo a Gana ya nuna cewa mafi yawan abin da ke tashi daga ɓawon saiwar sinadarin metil salisilet ne, wanda shi ne ginshiƙin irin waɗancan mayuka. Tana kuma ɗauke da safonin, sinadarin da ke sa ruwa kumfa kamar sabulu, wanda ke iya fasa bangon ƙwayar fumfuna. Manoman arewacin Gana na barbaɗa garinta a rumbu don kore ƙwarin hatsi. Sai dai uwar da ke warkarwa tana kuma kisa. An san saiwar da dafi in an sha da yawa ko an cusa ta a jiki, kuma an rubuta mace-mace a dalilinta a sassan Afirka da dama.

Baushe da marke 'yan gida ɗaya ne da taramniya da geza da sabara, abin da zai ba ɗalibi mamaki in ya dubi bambancin girmansu. Arzikin wannan dangi shi ne tanin, sinadarin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Yadda yake ƙame fatar akuya a majema, haka yake busar da ƙurjin da ke tsatsafo da ruwa. Kanya kuma, wadda yara suka sani da 'ya'yanta kawai, masu bincike a Nijeriya sun ciro sinadarai biyu daga saiwarta a 1995, ɗaya daga ciki shi ne fulumbajin, suka nuna suna kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Fulumbajin ɗan'uwan sinadarin da ke sa lalle ja ne, kuma yana iya ƙona fata in ya yi yawa. Akwai fasakwari mai sa harshe ya yi zir, da gwandar daji, da tafashiya wadda za a dawo kanta.

Majimfa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, ko da yake ƙarfinta ya fi yawa a ganye da iri. Masunta na daka ta su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso. An kuma yi amfani da ita a kan ƙwarƙwata da kaska da ƙazwa. Sunanta na kimiyya, Tephrosia vogelii, an ba ta shi ne don tunawa da Theodor Vogel, Bajamushe masanin tsirrai da ya biyo ayarin jiragen Ingila zuwa Kwara a 1841, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a tsibirin Fernando Po a ƙarshen shekarar. Sinadaran da ke cikinta dangin rotenon ne. Shi rotenon, wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Geoffroy ne ya fara ciro shi daga wani tsiro na Kudancin Amurka, aka buga aikinsa a 1895, sannan Nagai na Japan ya ciro shi daga saiwar wani tsiro na Asiya ya ba shi sunan da ake kiran sa a 1902. Aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayar halitta ke samun ƙarfi daga iska, sai ƙwaron ya shaƙe. An daɗe ana sa shi a maganin ƙwari da na ƙazwa, har zuwa shekara ta 2000 da gwaji kan ɓeraye ya nuna yana haddasa alamun cutar karkarwa ta Parkinson, daga nan ƙasashe da yawa suka ja baya da shi.

Lokacin da aka ga abokin gaba

Duk wannan magani an yi shi ne ba tare da an ga abin da ake yaƙa ba. Likitan Andalus, Ibn Zuhr na Ishbiliya, wanda ya rasu a 1162, ana danganta masa bayanin wani mitsitsin ƙwaro da ke zama a ƙarƙashin fata. A 1687 Bonomo da Cestoni na Italiya suka duba shi a madubi mai ƙara girman abu, suka ce shi ne sanadin ƙazwa. Ƙwaron dangin kaska ne. Macen ke haƙa rami a saman fata, ta riƙa saka ƙwai biyu ko uku a rana, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ƙaiƙayi ya fara, alhali yana ta rarraba wa jama'a. Falken da ya kwasa a Jugu yana iya isa Kwara bai fara susa ba.

Fumfunar da ke cin fatar kai kuwa Schönlein ya fara gani a 1839, David Gruby ya faɗaɗa bayanin a Faris cikin shekarun 1840, Sabouraud ya tsara iliminta a littafinsa na 1910. Ɗaya daga cikin nau'o'in da suka fi addabar yaran Afirka ta Yamma an sa mata suna Trichophyton soudanense a 1912, wato ta ƙasar Sudan, sunan da ake kiran wannan yanki namu da shi a lokacin. Kyasbi shi ma fumfuna ce, amma irin wadda ke zaune a fatar kowa, sai zafi da gumi sun yi yawa take yaɗo.

A daidai wannan zamani hanyar Gwanja ke mutuwa. Ingila ta ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892, Lugard da Decoeur suka yi tseren isa Nikki a 1894, yarjejeniyar 1898 ta raba Bargu biyu tsakanin Ingila da Faransa. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Faraku ta sami sabuwar rayuwa da layin dogo daga Kwatano ya iso ta a 1936, Jugu kuwa aka bar ta da tarihi da kasuwar yanki. Hausawan da suka zauna a zangunan garuruwan biyu suka ci gaba da sana'o'insu, har da wanzanci da sayar da magani.

Sanin da ke bakin mutane ya fara shiga takarda. Tun kafin Turawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan ilimin magani. Amma wanda ya jera sunayen itatuwa na Hausa gefe da gefe da na kimiyya shi ne J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka, a ƙamusunsa na tsirran Hausa na 1916, sannan babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ɗalibin Hausa da bai taɓa buɗe ƙamusun 1916 ba ya bar wata taska ta kalmomi, domin akwai sunayen da yau sai a bakin tsofaffin mafarauta ake jin su. A ɓangaren Benin, Édouard Adjanohoun da abokan aikinsa sun tattara magungunan gargajiyar ƙasar a 1989, bayan irin aikin da ya jagoranta a Nijar a 1980.

Abin da gwaji ya tabbatar da abin da ya rushe

A 1999 Baba-Moussa da Akpagana da Bouchet sun gwada itatuwa bakwai na dangin baushe a kan fumfunar da ke cutar da mutum, baushe ya fito cikin biyun da suka fi ƙarfi, suka kuma alaƙanta hakan da yawan tanin da safonin. A 2003 wasu masana na Benin da Beljiyam sun haɗa man shafawa da ganyen goga masu da wasu tsirrai biyu, suka shafa wa shanu masu kirci, ɓawon ya zube, shanun suka warke, ko da yake ƙalilan ne aka gwada a kansu. Wannan ya ba magori gaskiya a wani ɓangare: akwai abu a cikin buhunsa.

Ɗaya ɓangaren shi ne kashe fumfuna a faranti daban, warkar da yaro daban. Makeron kai yana shiga ne cikin silin gashi har tushensa, inda abin shafawa ba ya kaiwa, ko na saiwa ne ko na kanti. Shi ya sa bai sami magani na sosai ba sai a 1958, da aka fara ba da ƙwayar girisofulbin ta sha na tsawon makonni, wadda ita kanta daga wata fumfuna aka samo ta. Sannan makero yakan tafi da kansa in yaro ya balaga, saboda maiƙon fatar kai yana sauyawa. Saiwar da aka shafa a shekarar ƙarshe ita ke kwashe yabo. Haka ƙamshin sanya da sanyinta na iya kwantar da ƙaiƙayin ƙazwa na dare ɗaya, ƙwai na nan a rami. A ganina, a cikin tsohon haɗin nan na saiwa da man kaɗe da farar wuta, farar wutar ce ke ɗauke da mafi nauyin aikin kashe ƙwaron, domin har yau likitoci na ba da man farar wuta ga jarirai da masu juna biyu. Jinkiri kuwa yana da tsada. Fatar da aka sosa har ta fashe takan kwashi ƙwayoyin cutar da ke iya taɓa ƙoda, kuma in ba a yi wa gida duka magani a lokaci ɗaya ba, ƙazwa sai ta zaga ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a 2017.

Labarin tafashiya ya nuna cewa masu farar riga ma kan ruɗu da saiwa. A 2013 wata tawagar masana da ke da cibiya a Grenoble ta Faransa ta sanar cewa ta sami taramadol a ɓawon saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru. Abin ya girgiza masana, domin taramadol magani ne da kamfanin Grünenthal na Jamus ya ƙirƙira a 1962, sai ga shi wai itace ya riga kamfani. Shekara guda bayan haka, tawagar Michael Spiteller ta Dortmund ta nuna cewa ana samun sa ne a wuraren da manoma ke ɗura wa shanun huɗa taramadol don kada su gaji, dabbobin su huta a inuwa su yi fitsari, saiwa ta tsotse. Sun same shi a ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan, ba su same shi a tafashiyar kudu ba. Gwajin kabon da aka yi daga baya ya nuna na masana'anta ne.

Manyan cututtukan hanyar Gwanja biyu ba saiwa ce ta kawar da su ba. Kurkunu tace ruwa da haƙa rijiyoyi da sa ido suka kashe shi, har aka ba Benin shaidar rabuwa da shi a 2009, Nijeriya da Nijar a 2013. Makantar kogi kuwa an fara yaƙar ta a 1974 da feshin koguna a ƙasashe bakwai, har da Dahomey, sunan Benin kafin 1975, sannan daga 1987 aka shiga raba ibamektin kyauta. Shi ma wannan magani daga ƙasa ya fito, daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samo a turɓayar Japan, aikin da ya ba shi kyautar Nobel tare da William Campbell a 2015. Yanzu da shi ake yaƙar ƙazwa in ta game gari.

Faraku na da jami'a tun 2001, da tsangayar koyon aikin likita da ta noma, ga masu sayar da saiwa na nan a kasuwanninta da na Jugu. Matsalar da ke gaban sana'ar yanzu ta itacen ce. Wanda ya tsinki ganye ya bar itace da rai, wanda ya sassaƙi ɓawo ya raunata shi, wanda ya haƙe saiwa kuwa sau da yawa ya kashe shi. Uwar magunguna irinta ba ya tsirowa da sauƙi, dashenta ma yana da wuya, ga gonakin auduga da na kashu da masu gawayi suna cin dajin Bargu da Donga. A Afirka ta Kudu har an sa ta cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba tare da izini ba.